Iyakar boltej a katin girafik: tambayoyin masu ƙara wa kati gudu a Kaduna

Masu gem, masu haɗa bidiyon biki da masu zanen gine-gine a Kaduna sukan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya game da ƙara wa katin girafik, wato sashen kwamfuta da ke zana hoto a allo, gudu, abin da samari ke kira obakilok. Mafi yawan tambayoyin a kan boltej suke tsayawa: nawa kati zai iya ɗauka, me ya sa ya ƙi wuce wani mataki, ko zai ƙone. Na tattara waɗanda suka fi zuwa. Gara in faɗi matsayina tun yanzu: a garin nan zafi da yanayin wuta ne ke tsayar da kati tun kafin ya kai iyakar boltej ɗinsa, kuma mutane da yawa za su fi amfana da rage boltej a kan ƙara shi.

Injiniya, wane boltej ake nufi? Ba 230 ba ne wutarmu?

Boltej uku ne a nan, kuma cakuɗa su ne ke rikita mutane. Na farko shi ne na soket, bolt 230 a ƙa'idar Najeriya. Na biyu shi ne bolt 12 da fawa fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ke fitarwa ya aika wa kati ta wayoyi da kuma ramin madabod. Na uku, wanda shi ne maganarmu, shi ne wanda ke shiga cif ɗin katin, wato ƙwaƙwalwarsa mai yin lissafi, kuma bai wuce bolt ɗaya da ɗan doriya ba. Shi ya sa ake ƙirga shi da milibolt: bolt 1.050 daidai yake da milibolt 1050.

Kamar dai yadda wuta ke isowa tashar Mando da bolt dubu 330, taransifoma su yi ta sauke ta mataki-mataki har ta shigo gida. A kan katin akwai sashen da ke yin saukewar ƙarshe, ana kiransa VRM, jerin ƙananan kayan nan da ke gefen cif. Abin lura shi ne, da yake boltej ɗin ƙarami ne, karant ɗin da ke bi ta wurin mai yawa ne ƙwarai. Cif ɗin da ke shan wat 200 a bolt ɗaya, amfiya 200 ke ratsa shi. Don haka VRM ke yin zafi, kuma sau da yawa shi ke fara mutuwa kafin cif.

Me ya haɗa boltej da gudu?

Cikin cif akwai biliyoyin taransisto da ke buɗewa suna rufewa. Idan kana so su yi saurin sauyawa ba tare da kuskure ba, sai ka ƙara musu boltej. Matsalar tana wurin farashin. Wutar da cif ke sha wajen aiki tana tashi daidai da gudu, amma game da boltej tana tashi ne da ninkin boltej a kansa. Ka ƙara boltej da kashi 10 cikin 100, shan wuta ya tashi da kashi 21, ko da ba ka taɓa gudun ba. In ka haɗa da ƙarin gudu na kashi 5, ka doshi kashi 27. Duk wannan wutar zafi take komawa, kuma a ɗakinka za ta sauka.

Sannan ribar tana raguwa yayin da kake hawa. A ƙasa, milibolt 50 na iya sayo maka gudu mai kauri. A can ƙololuwa, milibolt 50 ɗin nan da ƙyar ya ba ka MHz 15 zuwa 30 (MHz shi ne ma'aunin gudun cif).

To nawa ne iyakar?

Ya danganta da zuriyar katin. A ɓangaren kamfanin Nvidia, GTX 680 na shekarar 2012 yana tsayawa a bolt 1.175. Zuriyar GTX 900 ta 2014, irin su 970 da 980, tana yawo tsakanin 1.2 da 1.25. Daga GTX 1000 na 2016, wato 1060, 1070 da 1080 da suka cika hannun mutane a nan, rufin ya sauko zuwa 1.093, kuma in ba ka taɓa komai ba kati kan tsaya a 1.050 ko 1.062. Zuriyar RTX 2000 ta 2018 ma 1.093 ce. RTX 3000 da RTX 4000 suna tsayawa wajen 1.1.

A ɓangaren kamfanin AMD, RX 580 yakan yi aiki a wajen 1.15, RX 5700 XT yana kaiwa 1.2, RX 6800 XT 1.15, RX 6900 XT kuma 1.175.

Ka lura a Nvidia lambobin sun sauko bayan zuriyar GTX 900. Dalili shi ne taransisto suna ƙanƙancewa, kuma ƙaramin taransisto ba ya jure boltej ɗin da babba ke jurewa. Wanda ya karanta tsohon bayani na zamanin GTX 580 ya ce zai gwada shi a kan RTX 3060, ya ɗauko maganin wani ciwon daban.

Na ja sandar boltej ta Afterburner, manhajar saita kati, har +100, amma ban ga wani canji ba. Katina ne ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa. Na farko, sandar ba ta motsi sai ka shiga saitin manhajar ka kunna "Unlock voltage control". Na biyu, a katunan Nvidia daga GTX 1000 zuwa sama, wannan 100 ɗin ba milibolt ba ne, kuma ba ya nufin ka ninka boltej. Izini ne kawai kake ba katin ya taka matakai biyu ko uku na ƙarshe da kamfani ya riga ya tanada ya ajiye, misali daga 1.062 zuwa 1.093. Katin kuma ba dole ne ya karɓi izinin ba. Idan ya riga ya kai iyakar wat ɗinsa, ko ya yi zafi, ba zai hau ba.

Mu ɗauka ma ya hau. GTX 1070 da ke gudu a wajen MHz 1900 zai samu ƙarin mataki ɗaya ko biyu, kowane mataki kusan MHz 13. Mataki biyu bai kai kashi ɗaya da rabi cikin 100 ba. A gem ɗin da kake samun firem 60, wato hoto 60 a kowace daƙiƙa, ko firem ɗaya cikakke bai ƙaru ba, alhali shan wuta ya tashi da kusan kashi 8. Wannan cinikin ni ba na shigarsa.

Wa ya sa wannan kwaɗon, kuma don me?

Kamfanin da ya ƙera cif ne. Da GTX 680 ne Nvidia ta kawo tsarin GPU Boost a 2012, inda kati ke duba zafinsa da shan wutarsa ya zaɓar wa kansa gudu da boltej a kowane lokaci. A shekarar ne kuma aka ji labarin shirinta mai suna Greenlight, wanda ya wajabta wa masu haɗa kati su kawo ƙirarsu a amince da ita, kuma wanda ya bar boltej ya wuce ƙa'ida ya rasa garantin cif daga Nvidia. A dalilin haka EVGA ta cire mahaɗin na'urarta ta EVBot daga GTX 680 Classified, wadda da ita ake ƙara boltej daga waje.

Har zuwa zuriyar GTX 900 mutum na iya buɗe BIOS na kati, ƙaramar manhajar da ke cikinsa mai riƙe da iyakokinsa, ya gyara lambobin da kansa. Daga GTX 1000 aka sa wa BIOS hatimin sa hannu, in ka canza ko harafi ɗaya kati ya ƙi karɓa. AMD ta daɗe tana sakin hannu fiye da haka: ta kawo manhajar saiti ta WattMan tare da RX 480 a 2016, kuma a zuriyar RX 5000 da 6000 ana amfani da manhajar MorePowerTool a ɗaga iyakar wat. Da zuwan RX 7000 ita ma ta toshe wannan ƙofar.

Wasu na ganin wannan hanya ce ta hana ka sayi kati mai arha ka matse shi ya kamo mai tsada. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Amma kamfanin da zai biya kuɗin duk cif ɗin da ya mutu cikin garanti yana da hujjarsa shi ma.

Ta yaya zan san abin da ke tsayar da katina?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Ka sauke GPU-Z ta TechPowerUp, kyauta ce, ka buɗe shafin "Sensors", ka kunna gem na minti ashirin, sannan ka duba layin "PerfCap Reason" idan katinka Nvidia ne. In ka ga "Pwr", iyakar wat ce ta riƙe shi. In "Thrm" ne, zafi ne. "VRel" na nufin ya kai boltej ɗin da kamfani ya amince zai jure na dogon lokaci, "VOp" kuma ya kai rufin ƙarshe.

Ga amfanin sanin wannan. Idan "Pwr" ke fitowa, ƙara boltej zai iya rage maka gudu ma, domin kati zai cinye kason wat ɗinsa da wuri ya ja baya. Abin da zai taimaka shi ne ɗaga "Power Limit", in fawa fak da sanyaya za su ɗauka, ko kuma rage boltej. Idan "Thrm" ne, ka ajiye duk sanduna ka nemi abin kwance kati don share shi da gyara sanyayarsa. Sai wanda ke ganin "VRel" a koyaushe, katinsa na sanyi kuma wat bai ƙare ba, shi ne sandar boltej za ta ɗan yi wa amfani. A watan Afrilu a Kaduna, irin waɗannan ba su da yawa.

Wane ne ya fi hatsari a nan, zafi ko boltej?

Tare suke aiki, amma zafi ne ke hannunmu dumu-dumu. Masu gwada kati da kake kallo a YouTube yawanci a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke gwajinsu. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu rana kan wuce digiri 35, ɗaki mai rufin kwano a Rigasa ko Tudun Wada kuma yakan riƙe zafin har bayan isha'i. Kowane digiri da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya ne ya ƙaru a kan kati. Katin da aka nuna maka yana digiri 70 a can, a nan zai buga 83, kuma 83 ɗin nan shi ne inda yawancin katunan Nvidia na zuriyar 1000 zuwa 3000 suke fara ja da baya da gangan. Tun kafin a kai nan ma, GPU Boost yana zubar da mataki ɗaya-ɗaya yayin da zafi ke hawa, tun daga ƙasa da digiri 50.

Akwai kuma wani zagaye mara daɗi: cif mai zafi yana yoyon wuta fiye da mai sanyi, yoyon ya ƙara zafi, zafin ya sa ya buƙaci ƙarin boltej kafin ya tsaya daidai a gudun da da yake riƙewa cikin sauƙi. Shi ya sa saitin da ka yi a sanyin Disamba, ya yi ta aiki lafiya, sai ya fara fitar da kai daga gem da shigowar bazara. Ba katin ne ya tsufa cikin wata uku ba.

Hunturu kuma nasa aikin daban ne. Iskar tana da sanyi, amma ƙurar tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta toshe su. Kafin bazara ta kama, a fitar da kwamfuta waje a hure ta da bulowa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. A duba kuma bambancin da ke tsakanin zafin cif da "Hot Spot", wato wurin da ya fi zafi a cikinsa, a GPU-Z ko HWiNFO. Digiri 10 zuwa 15 ba komai. In ya doshi 30, man da ke tsakanin cif da ƙarfe ya bushe ko bai zauna daidai ba. Sauya wannan man da share ƙura sukan dawo da gudun da sandar boltej ba za ta taɓa ba ka ba. Ga masu AMD, kada ganin 95 ko 100 a "Junction", wato "Hot Spot" ɗinsu, ya tayar muku da hankali nan take, kamfanin ya ce har 110 yana cikin ƙa'ida a RX 5700. Sai dai zama a bakin iyaka kullum ba abin so ba ne.

Malam, gaskiya dai, kati zai iya ƙonewa?

Da sandunan Afterburner ko na manhajar AMD kaɗai, a kan kati mai lafiya, da wuya ƙwarai. An kafa rufin ne daidai don hakan. In ka wuce gona da iri a gudu, abin da za ka gani shi ne hoto ya yi tartsatsi, allo ya yi baƙi, ko direba, manhajar da ke haɗa kati da Windows, ya faɗi Windows ta tashe shi. Ka kashe ka kunna, ka rage.

Lalacewar da boltej ke jawowa a hankali take zuwa. Karant mai yawa yana ture ƙwayoyin ƙarfe daga wurinsu a cikin siraran hanyoyin cif, har hanya ta sirance ko ta yanke. Wani injiniyan Motorola, James Black, ya fitar da lissafin wannan tun 1969, kuma lissafin ya nuna yawan karant da zafi su ne ke gaggauta shi. Alamar farko ita ce kati ya daina riƙe gudun da ya saba riƙewa. Wanda ke shakkar cewa boltej na cinye cif ya tuna abin da ya faru da furosesan Intel na zuriya ta 13 da ta 14: a 2024 kamfanin ya amsa cewa boltej mai yawa ne ke sa wasunsu rasa daidaito, ya fitar da gyara, ya ƙara garanti da shekara biyu, kuma wanda ya riga ya lalace gyaran ba ya dawo da shi.

Abin da ke ƙonewa da hayaƙi a zahiri yawanci VRM ne ko mahaɗin waya. Ramin madabod wat 75 aka ƙayyade masa, waya mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150. Ka guji adaftar nan da ke juya wayar SATA ta koma fil 8, ba a yi ta don wannan nauyin ba. Masu RTX 4090 kuma sun san labarin mahaɗin 12VHPWR mai wat 600 da ya riƙa narkewa a 2022, musamman inda ba a danna shi ya shige gaba ɗaya ba.

Na ga ana canza BIOS ko a yi walda a kan kati. Yana cire iyakar?

Ɗora BIOS na wani katin mai cif iri ɗaya yana iya ɗaga iyakar wat, amma a Nvidia na zamani rufin boltej yana nan inda yake. Waldar da ake yi a kan ƙananan resisto masu auna karant kuwa ruɗin kati ce: ya ɗauka yana shan ƙasa da abin da yake sha. Ka makantar da mai gadi kenan, VRM ya ɗauki nauyin da ba wanda ke ƙirgawa.

Masu wuce rufin da gaske suna haɗa wa kati na'urar sarrafa boltej ta waje, suna zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma minti kaɗan suke buƙata su kafa tarihi. Akwai katunan da aka ƙera don su, irin su Kingpin na EVGA, kafin kamfanin ya bar harkar katin girafik a Satumban 2022, da HOF na Galax. Da yawansu kyauta ake ba su katin. Kai da ka tara kuɗin wata shida ka sayi naka, ba sahunku ɗaya ba.

To yaya ake rage boltej ɗin da kake ta yabo?

Hikimar ita ce kamfani yana ba kowane cif boltej mai ɗan rara, don ko mafi rauni a cikin dubbai ya yi aiki. Naka mai yiwuwa ba ya buƙatar duka. Daga 1.050 zuwa 0.900, lissafin nan na ninki ya nuna ragin kusan kashi 26 na wutar aikin cif.

A Afterburner ka danna Ctrl da F, jadawali zai buɗe: boltej a kwance, gudu a tsaye. Ka fara lura da gudun da katinka ke zama a kai cikin gem, a ce MHz 1900. Ka zaɓi ɗigon milibolt 925, ka ɗaga shi zuwa wannan gudun, ka sauke duk ɗigon da ke damansa su daidaita da shi layi ya miƙe, ka danna alamar amincewa. In ya yi kwana biyu ba matsala, ka sauko 900, sannan 875. Ranar da ya faɗi, ka koma mataki ɗaya baya ka zauna nan. Katunan RTX 3070 da 3080 da yawa sukan zauna lafiya tsakanin 850 da 925 ba tare da asarar da ido zai gani ba, amma kowane cif da rabonsa, kada ka kwafi lambar abokinka ka ce dole naka ya ɗauka. A AMD ya fi sauƙi, cikin manhajar Adrenalin sashen "Tuning" akwai gurbin boltej, ka riƙa ragewa da milibolt 10 zuwa 25.

Ga lissafin aljihu. A ce ka rage wat 80, kana wasa awa 5 kullum: yunit 12 kenan a wata. A farashin Band A na naira 225 da hukumar NERC ta sanar a Afrilun 2024, naira 2,700 ne. Mai shagon gem da kwamfuta 6 masu aiki awa 10, nasa ya kai yunit 144, sama da naira 32,000. Wanda ke kan sola da inbata kuwa ba sai an yi masa bayani ba, batirinsa ne zai kai shi dare. Kuma sau da yawa katin da aka rage wa boltej yakan fi riƙe gudunsa daram, tunda bai ƙara cin karo da iyakar wat ko ta zafi ba.

Memori fa, shi ma ana ƙara masa boltej?

A yawancin katuna an kulle shi: GDDR5 a 1.5 ko 1.35, GDDR6 da GDDR6X a 1.35. Gudunsa kawai za ka iya ƙarawa. Ka yi hattara da tarko ɗaya: memorin zamani yana gano kuskure ya sake aika bayanin, don haka za ka iya wuce iyaka ba tare da ganin tartsatsi ba, sai dai makin gwaji ya fara sauka. Ka riƙa aunawa bayan kowane ƙari, inda maki ya daina hawa nan ne iyakarka. Masu 3080 da 3090 su sa ido kan zafin memori, a digiri 110 yake ja da baya.

Idan wuta ta zo ba ƙarfi, ko ina kan janareta, boltej ɗin kati zai sauka?

A'a, muddin fawa fak ɗinka na kirki ne. Aikinsa ne ya riƙe bolt 12 daram, kuma masu inganci da yawa an rubuta musu 100 zuwa 240 a jiki. Ka karanta takardar da ke manne a naka, don wasu 200 zuwa 240 kawai suke karɓa, kuma su ne ke kashe kwamfuta da zarar wuta ta yi rauni da magariba. Haɗarin gaske yana wurin dawowar wuta da ƙarfi, da tsawar damina, da ƙaramin janareta da gudunsa ke hawa yana sauka idan firji ya tashi. Sitabilaiza na taimakawa, UPS ya fi, kuma a nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin wasu fawa fak na zamani ba sa shiri da UPS mai arha.

Inda wannan ya haɗu da maganarmu shi ne, duk abin da ka ƙara wa kati, a kan fawa fak yake sauka. Manyan katuna irin RTX 3080 mai wat 320 sukan yi fizgar wuta ta ƙiftawar ido da ta zarce wannan adadin nesa, har ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta wajabta wa manyan fawa fak su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙin lokaci. Fawa fak mara nauyi a hannu da aka rubuta wa 650W aka sayar da shi kuɗin cefane ba zai jure ba. In kwamfuta na mutuwa ɗif a tsakiyar gem ba tare da wani saƙo ba, shi za ka fara tuhuma kafin kati.

Na sayi RX 580 na hannu, an ce an yi haƙar kirifto da shi. In taɓa shi?

Tun bayan da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa, wato sa katuna su yi ta lissafi dare da rana don samun kuɗin, a ranar 15 ga Satumban 2022, irin waɗannan katunan suka malalo kasuwa, daga Computer Village ta Ikeja har shagunan cikin gari. Abin mamaki, cif ɗinsu ba lallai ya gaji ba, domin masu haƙa da suka san aikinsu rage boltej suke yi don tsimin wuta. Memori da fanka su ne suka sha wahala. Da yawa kuma suna ɗauke da BIOS da aka gyara don haƙa, wanda kan sa direba ya ƙi shiga ko gem ya riƙa faɗuwa. Ka duba da GPU-Z, ka tabbatar ma 580 ɗin ne na asali mai sheda (ƙananan sassan lissafi na cif) 2304, ba mai 2048 ba, wanda ƙarfinsa kusan na RX 570 ne. A mayar da BIOS na asali, a sauya mai, a rage boltej. Katin wat 185 ne, kuma yana cikin waɗanda suka fi nuna godiya idan aka sassauta musu.

Laftof fa?

Ka manta da ƙari. Boltej a kulle yake, kuma wat ne ke mulki: RTX 3060 na laftof ana saita shi daga wat 60 zuwa 115 gwargwadon kamfanin da ya haɗa. Ragewa ta jadawali kan yi aiki a wasu. Ka ɗaga bayansa daga tebur, kada ka ɗora shi a kan katifa.

Yaya zan tabbatar saitina ya zauna?

Ka fara da Superposition ko 3DMark Time Spy don auna maki, OCCT kuma don kamo kurakuran da ido ba ya gani. FurMark yana matsa wa kati ya ja baya saboda wat, don haka ba ya gwada gudun da kake amfani da shi a zahiri, amfaninsa gwada sanyaya ne. Alƙalin ƙarshe shi ne aikinka: gem ɗin da ka saba, ko fitar da dogon bidiyo. Ka yi gwajin da rana tsaka, ba da asuba ba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka rubuta a takarda. Kada ka kunna zaɓin ɗora saiti da tashin Windows sai ka gamsu. Mai aikin kuɗi, wanda amarya ke jiran bidiyonta gobe, ya rage MHz 30 daga inda ya ga ya zauna.

A ina zan sauke Afterburner, kuma garantina na nan?

Daga shafin MSI ko na Guru3D kawai. Akwai shafukan bogi masu kama da na asali sak, suna ɗora maka manhajar da ke haƙar kirifto da katinka a ɓoye ko ta kwashe kalmomin sirrinka, kuma MSI da kanta ta yi gargaɗi a kai a 2021. Wadda aka turo maka ta WhatsApp ko aka kwafa maka a filas, ka bar ta. Manhajar tana aiki da katin kowane kamfani, ba sai na MSI ba.

Game da garanti, manhajar AMD tana nuna maka gargaɗi kafin ka shiga sashen saitin cewa lalacewar da ta biyo bayan wuce ƙa'ida ba ta cikin garanti. Walda ko canza BIOS kuwa sun fitar da kai gaba ɗaya a wurin kusan kowane kamfani. A nan gida dai garantin da yawancinmu ke da shi shi ne kwanakin da mai shago ya ce a je a gwada. Ka yi amfani da su wajen gwada katin yadda ya zo, ba tare da taɓa ko sanda ɗaya ba, ka ajiye hoton makin da zafin, don in da matsala ka mayar da shi ba a ce kai ka jawo ba.